Sabon Babur Ɗina Yana Ɗaukar Zafi, Ko Injin Zai Buga?

 Ni manomi ne a Gidan Goga, ƙaramar hukumar Maradun. Bayan kaka na sayar da amfanin gona na sayi sabon Boxer, a gabana aka fasa kwalinsa aka haɗa. Damuwata zafin inji. In na tafi kasuwar Talata Mafara, kafin in isa injin ba ya taɓuwa, in na ɗiga masa ruwa sai ka ji cuu. Wani ya ce in riƙa watsa masa ruwa, wani ya ce in murɗe totur don injin ya buɗe, wani kuma ya ce kada in wuce gudun 30. Noman shekara guda ne a jikin babur ɗin nan, Malam. Maganar wa zan kama?

Mai karatu, daga Gidan Goga

Ɗan'uwa, Allah ya tsare, ya sa ka kashe lafiya.

Kwantar da hankalinka, hannu ba ma'aunin zafin inji ba ne. Boxer ba shi da lagireto irin na mota, iska kaɗai ke sanyaya shi, shi ya sa aka yi wa jikin injin haƙarƙarin ƙarfe. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kan irin wannan inji kuwa yakan haura digiri 150 yana cikin ƙoshin lafiya, baƙin mansa yana tsakanin 80 da 110. Cuu ɗin da kake ji ba ciwo ba ne. Sabon inji ma ya ɗan fi tsoho zafi, domin ringin fistin bai gama zama da bangon silinda ba, suna gugar juna.

Mai cewa ka watsa ruwa, bar shawararsa tun yau. Kan injin alminiyam ne, in ya yi zafi aka sheƙa masa ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka kashe shi a inuwa na kwata ɗin awa, ya isa.

Sauran biyun kuma kowa ya wuce gona da iri. A kilomita 1,000 na farko kada totur ya wuce rabi, amma kada ka maƙale a gudu ɗaya; ka ɗan ƙara, ka rage, ka riƙa sauya giya. Abin da ya fi gudu cin sabon inji a ƙasarku shi ne lodi da yashi. Buhu biyu na shinkafar Bakolori da mutum a baya, babur yana gurnani a babbar giya cikin rairayi, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40: injin yana aikin ƙarfi, iska ba ta ratsa shi. A nan ringi ke lalacewa, bayan 'yan watanni ka ga hayaƙi a salansa. Ka yi haƙuri da lodi tukuna, in ka shiga yashi ka sauko ƙaramar giya. Barinsa a silo kana gaisawa da mutane shi ma dafa shi ne.

Juyen farko ka yi shi a wajen kilomita 500, ko da man bai yi baƙi ba, domin yana ɗauke da garin ƙarfen da injin ya goge. Ka zuba wanda littafin babur ɗin ya faɗa, galibi 20W-50, daga galan da aka ɓalle a gabanka. Kullum da safe ka duba sandar mai. Ka kankare laka daga haƙarƙarin injin, ka kula da filtar iska a lokacin ƙura, ka guji fetur ɗin bumburutu da ba ka yarda da shi ba, wanda aka gauraya da kalanzir yana ƙara zafi.

Zafin da za ka ji tsoro yana zuwa da alamu: ƙarfi ya ragu kana tafiya, inji ya riƙa ƙas-ƙas in ka ja totur, ka ji ƙaurin ƙonannen mai. In an kwance fulogi aka ga bakinsa fari fat maimakon ruwan ƙasa, fetur bai ishi injin ba, sai bakanike ya saita kafireta.

Na san halin da hanyoyinku ke ciki. Ranar da rashin tsaro ya sa dole ka yi gudu, yi gudunka, ringi ana sayar da shi a kasuwa. In ba ka ga ko ɗaya daga alamun nan ba, babur ɗinka lafiya lau yake, ka kai shi juye a kan lokaci.