Masu Shiga Ƙarƙashin Ƙasa

A ƙasar Ingila akwai wata ƙungiya da ake kira Subterranea Britannica. Wata mace mai suna Sylvia Beamon ita ce ta kafa ta a shekarar 1974. Aikin 'yan ƙungiyar nan shi ne shiga ramukan da mutanen da suka haƙa, kamar tsofaffin ramukan ma'adinai, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka ɓuya saboda bam a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sukan auna wurin, su ɗauki hotonsa, su rubuta labarinsa don kada a manta.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da irin waɗannan ramuka. Akwai rijiyar Kusugu a Daura. Akwai kuma ramukan rini na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda aka ce tun shekarar 1498 ake rini a cikinsu. Amma mu mutanen Gagarawa ba sai mun yi nisa ba, gama rijiyoyin garinmu sun ishe mu kallo.

Ƙasarmu ta Gumel rairayi ce, ruwa kuwa yana can ƙasa da nisa. Da hannu kakanninmu suka haƙa rijiyoyin nan, gaba bayan gaba, ana ja musu ƙasar da guga. Idan rijiya ta cushe da laka, sai a kirawo mai yasa. Shi ne ya san cikinta. Ya san inda bango ya tsage, ya san inda idon ruwa yake.

Mai yasa ba ya shiga da garaje. Da farko sai ya kunna fitila, ya zura ta da igiya a hankali, kowa ya yi shiru yana leƙe. In fitilar ta kai ƙasa tana ci, to, ya shiga. In ta mutu a hanya, ba zai sauka ba, ko da nawa za a biya shi. Dalili kuwa, iskar da wuta take bukata ita ce wadda mutum yake shaƙa. Inda fitila ta mutu, mutum ma zai iya suma, kuma iskar nan mai kisa ba a ganinta da ido.

Ba ya shiga shi kaɗai. Yakan ɗaura igiya a ƙugu, ƙarfafan maza suna riƙe da ita a baki. Da ya girgiza ta, sai su ja shi sama maza-maza.