Asusun fanshonka: leƙa shi tun kafin furfura

Ma'aikata da yawa ba sa waiwayar asusun fanshonsu sai ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa. A dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ana yankar kashi 8 cikin 100 na albashinka, wurin aikinka ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunanka ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Kuma ana ware wannan kuɗi ne kafin a lissafa maka harajin albashi, wato abin da ka tara can, haraji bai taɓa shi ba.

Fara da tabbatar da cewa kuɗin na shiga. Doka ta ba wurin aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura su. Wasu na yanka a takarda, su riƙe a aljihu. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka gwada shi da takardar albashi wata-wata. In ka ga giɓi, rubuta wa ofishinku; in sun yi kunnen uwar shegu, kai ƙara PenCom.

Sai batun ƙari na ganin dama. Kana iya cewa a riƙa yankar wani abu sama da kashi 8, ta hanyar albashi. Sharaɗin dai shi ne haƙuri: in ka cire kafin shekara biyar, za a yanki haraji a kan ribar da ya haifa. Don haka kuɗin haya ko na makarantar yara ba nan ne wurinsu ba. Ni a ganina ma, da irin tsadar da ke cinye darajar naira, kada mutum ya zuba duk ajiyarsa a nan. Fili ko 'yan dabbobi su ma suna da ranarsu.

Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi kamfanin fanshonsa asusu na shida, wanda aka buɗe a 2021 don jarin da ba ruwa, irin su sukuk. Sai ka nema da kanka za a mayar da kai. In kamfanin ma bai gamsar da kai ba, tun 2020 an ba ka damar sauya shi sau ɗaya a shekara.

Tela, ɗan kasuwa da mai adaidaita ma an buɗe musu nasu tsarin tun 2019, suna zuba abin da ya sauwaƙa, kullum ko mako-mako.