Shekarar Farko a Gaban Injin Sassaƙar Ƙarfe: Matakan Ɗan Koyo

Wanda ya shiga Panteka ta Kaduna da hantsi, ƙarar injina zai fara ji kafin ya ga masu su. A rumfunan nan ake sassaƙa shaf ɗin injin niƙa, a daidaita diram ɗin birki, a ƙera wa tsohuwar mota bushin da ya ɓace a kasuwa. In an kai ka irin wannan shago an damƙa ka a hannun oga, ga hanyar da zan so a ce an nuna mini tun ranar farko.

Mataki na ɗaya: karɓi tsintsiya ba tare da ɓata rai ba. Watannin farko shara ne, da zuba mai, da aike. Amma mai goge inji shi ke sanin inda kowane hannu yake da abin da yake motsawa. Ɓurɓushin ƙarfe kuwa kada ka taɓa shi da yatsa, kaifinsa ya fi reza. Burushi ko ƙugiya ake sa masa, bayan inji ya tsaya cak.

Mataki na biyu: gyara shigarka. Babbar riga, hannun kaftani mai reto, agogo, zobe, duk a ajiye su. Safar hannu ma, da mutane ke ɗauka kariya ce, a gaban ƙarfe mai juyawa tarko ce: in ya cafki zare ɗaya, da hannun zai tafi. Sa tabarau. Sannan makullin cak, wato abin da ake ɗaure ƙarfe da shi a bakin inji, kada ka sake shi yana maƙale ko na ƙiftawar ido. In aka kunna yana ciki, harbo shi inji zai yi, kuma ba ya tambayar wa ke tsaye.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne: koyi awo kafin yanka. Baniya tana nuna maka har 0.02 na milimita, maikuromita kuma 0.01. A maikuromita, zagaye ɗaya rabin milimita ne, an raba shi gida 50. Nemi wata tsohuwar ƙusa ka auna ta sau goma. Sai ranar da awon ya riƙa fitowa iri ɗaya za ka ce hannunka ya zauna. Haddace cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne, don har yanzu akwai tsofaffin injinan Ingila da ke magana da inci.

A nan na sha kunyar da ban manta ba. Wani mai niƙa ya kawo shaf, boris ɗinsa lamba 6205, wanda raminsa milimita 25 ne. Na auna na ga 25.5, saura rabin milimita ke nan. Sai na tura haƙori, wato ƙarfen yanka, rabin milimita cif. Da na sake aunawa, 24.5 na gani. Na manta ƙarfen juyawa yake, abin da ka ci a gefe ɗaya ka ci shi a ɗaya gefen, don haka 0.25 ya kamata in tura. Oga ya zura boris ɗin, ya karkaɗa shi yana ƙwal-ƙwal a kan shaf, ya miƙo mini. "To, malam injiniya, mayar da abin da ka cire." Na yi shiru. Mai niƙa ya kwana biyu bai yi ciniki ba, sabon ƙarfe kuma daga aljihun oga. Ka kuma bincika naka injin: wasu lambobin jikin hannunsu faɗin da zai ragu suke nunawa, wasu kuma zurfin da haƙori ya shiga. Gwada a kan guntun banza ka gani da idonka.

Wani abin da ke yaudarar sabon shiga shi ne zafi. Ƙarfe mai faɗin milimita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yana buɗewa da kusan 0.06. Ka auna shi da zafi ka ce ya yi, ya huce ka ga boris na yawo. Bar shi ya sha iska kafin yankan ƙarshe.

Mataki na huɗu: wasa haƙori. Oga zai ba ka guntun ƙarfen yanka ya nuna maka dutsen washi. Riƙa tsoma shi a ruwa akai-akai kada bakin ya ƙone. Da ka ɗaura shi, tabbatar tsininsa yana daidai da tsakiyar aikin. In ya yi sama gugar ƙarfen zai yi ta yi, in ya yi ƙasa ya bar ɗan tsiro kamar cibiya a fuskar aikin.

Mataki na biyar: gudun inji. Ƙarfe mai kauri a hankali, siriri da sauri. Ga baƙin ƙarfe na yau da kullum da haƙorin da ka wasa da hannu, faɗin milimita 50 yana son juyi wajen 190 a minti. Faɗin 25 kuma ninki biyu. Sauran kunne ne da ido. In ɓurɓushi ya fara fitowa shuɗi, ka yi gaggawa, rage. In inji ya kama kuka yana kakkarwa, duba ko haƙori ya yi tsawo a waje ko ɗauri ya saki. Ƙarfen zubi, irin na diram, a bushe ake yanka shi.

Mataki na shida: zare. Kada ka roƙi a ba ka wannan da wuri. Fara da na hannu: ƙusa mai lamba M10 tazarar zarenta 1.5 ce, ramin da za ka huda mata 8.5. Zaren milimita kusurwarsa digiri 60, tsohon zaren Ingila na Whitworth 55, kuma noti ɗin wannan ba ya hawa wancan sai da ɓarna.

Mataki na bakwai: sayi ƙaramin littafi na aljihu. Rubuta kowane aiki, irin ƙarfen, gudun da aka sa, da abin da ya lalace. Ɗaliban kwalejin fasaha da ke zuwa shago a ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF dole ake sa su cika irin wannan littafi, kai kuwa don kanka za ka yi. Su suna da lissafi da karatun zane, kai kana da hannu. Ku yi musaya, kada ka tsaya raina ɗan boko don ya karya barima.

Kafin a yaye ka, nemi jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga aji na uku zuwa na ɗaya. Mai niƙa ba zai taɓa tambayarka takarda ba, amma masana'anta za ta tambaya tun daga bakin ƙofa. Faɗa wa oga da kanka, da ladabi, tun kafin ka cike fom, kada ya ji a bakin wani.