Me Ya Sa Muke Manta Abin da Aka Faɗa Mana a Asibiti?

'Yan'uwa, wataƙila wannan ya taɓa faruwa da ku. Kun kawo yaro asibiti da zazzaɓi. An duba shi, an ba ku magani, an yi muku bayani, kun ce kun gane. Da kuka isa gida kuka kwance ƙullin maganin, sai shakka ta kama ku. Farar ƙwayar nan, sau biyu aka ce ko sau uku? Kafin abinci ko bayan abinci? Kunya takan hana mutane da yawa komawa su tambaya, sai su kintata. Kintace kuwa a kan magani yana da hatsari.

Kowane mako ina ganin haka a wurin aikina. Ba wauta ke kawo shi ba. Mantuwa tana da hanyoyin da take bi, masana sun bincika su, wanda kuma ya san su zai iya tare ta. Ga guda huɗu.

1. Tafin hannu da rumbu

Masana sun ce ajiyar ƙwaƙwalwa iri biyu ce. Ta farko kamar tafin hannu take: tana riƙe abu kaɗan, na ɗan lokaci. Ta biyu kamar rumbu take: abin da ya shiga cikinta yakan yi shekaru. A shekarar 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya rubuta cewa ajiyar farko tana ɗaukar abu kamar bakwai a lokaci ɗaya. Masu bincike na baya sun ce ma bai fi huɗu ba. Idan an jero muku umarni goma a jere, wasu za su zube kafin su kai rumbu. Tsoro da gajiya da kukan yaro suna ƙara rage abin da hannun zai riƙe.

2. Mantuwa ta fi sauri a farko

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa. Cikin sa'a ɗaya fiye da rabi ya tafi. Bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku ya tafi. Daga nan sai zubewar ta rage sauri. Ya kuma gano cewa maimaitawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da yawa ta fi maimaitawa da yawa a zama ɗaya. Haka hanyar gona take: idan ana bin ta kullum, ciyawa ba ta rufe ta.

3. Sabo yana danne tsoho

Idan kun fito asibiti kuka bi ta kasuwa, kuka yi ciniki, kuka gaisa da mutane, sabbin maganganu sukan hau kan bayanin maganin su cakuɗa shi. A shekarar 1924 an gwada ɗalibai biyu a Amurka. Abin da suka haddace kafin su yi barci ya fi zama a kansu, bisa ga wanda suka haddace suka ci gaba da harkokin yini.

4. Abin yana nan, hanyar ce ta ɓace

Kun taɓa neman sunan mutum ya ƙi zuwa, sai da kuka ga ƙofar gidansa ya faɗo muku? Sunan yana cikin rumbu, abin da zai jawo shi ne babu. A shekarar 1975 an gwada masu nutso cikin ruwa a Birtaniya. Kalmomin da suka koya a ƙarƙashin ruwa sun fi tuna su a ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka koya a tudu kuma sun fi tuna su a tudu. Shi ya sa abin da kuka ji a ɗakin likita yakan yi wuyar dawowa a tsakar gida.

Abin da za ku yi

(a) Kafin ku tashi daga gaban ma'aikacin lafiya, ku maimaita masa abin da ya ce da bakinku. Idan kun yi kuskure zai gyara. Ba raini ba ne, mu ma muna so.

(b) Ku roƙa a yi alama a jikin takardar maganin: rana don safe, wata don dare.

(c) Ku zo da wani, kunne huɗu ya fi biyu. Ku sake faɗin bayanin a hanya, ku faɗa wa mutanen gida da zarar kun isa, ku kuma sake kafin barci.

(d) Ku haɗa shan magani da abin da kuke yi kullum, kamar addu'ar safe ko tuwon dare.

(e) Ku ƙidaya. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku. Ku sa tsakuwa shida a ƙoƙo, duk shan da aka yi a fitar da ɗaya. Ko yaro ya warware, sai ƙoƙon ya zama babu komai. Maganin tarin fuka kuwa yawanci wata shida ne.

(f) Idan kun tsallake sha ɗaya, kada ku ninka na gaba da kanku. Ku zo ku tambaya.

Mantuwar da ke buƙatar likita

Ku kawo mutum asibiti nan take idan ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ko bayan ya bugu a kai, ko idan bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya mutu.

Akwai kuma tsohon da a hankali yake manta hanyar gidansa da sunayen 'ya'yansa, yana maimaita tambaya ɗaya, yana fita yawo da dare. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa a shekarar 1906. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Kada a zarge shi, kada a kore shi, kada a ɗaure shi. Ku kawo shi a duba, domin wani lokaci yawan shan giya ko ƙarancin abinci mai gina jiki ne sanadi, ana kuma iya taimakonsa. A gida, wani mutum ɗaya ya riƙa ba shi maganinsa da hannu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A wane lokaci mantuwa ta fi sauri?
2. Wane aiki na kullum za ku haɗa da shan maganinku?
3. Akwai tsoho ko tsohuwa a unguwarku da ake zargi saboda mantuwa? Me za ku faɗa wa iyalinsa?