Mun Shanye Ruwan, Akuya Ta Cinye Maganin

Wata Laraba da rani, wata baiwar Allah mai kimanin shekara 45 ta zo ɗakin duba marasa lafiya inda nake aiki a ƙasar Kiru. Kukanta ɗaya ne: sai ta kwana uku ko huɗu ba ta zaga ba, in kuma ta je sai da nishi kamar mai naƙuda. Ta ce basir ne. A wajenmu dai duk abin da ya dami ciki daga cibiya zuwa ƙasa basir ne, daga cibiya zuwa sama kuwa olsa. Na tambaye ta abin da take sha. Ta ce wata guda ke nan kullum da sassafe 'yarta tana markaɗa mata karas da kokwamba da kabeji a bilanda, a tace da ƙyallen tatar koko, ta shanye kofi guda kafin ta karya. A waya suka ga haɗin.

Na ce, "Yaya, tuƙar fa, ina kuke kai ta?"

Ta yi dariya. "Malama, tuƙa kuma? Ai akuya muke zuba wa."

Na ce mata to lallai akuyar nan ba za ta taɓa kukan basir ba.

Da wasa na faɗa, amma nan maganar take. Abin da ke sa bayan gida ya yi laushi ya fita ba wahala shi ne wannan tuƙar da ƙyalle ya tare, wadda a asibiti muke kira faiba. Ciki ba ya narkar da ita. Haka take wucewa har babban hanji, ta riƙe ruwa, ta ƙara wa bayan gida kauri da taushi, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjin kuma su ci daga cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 25 na faiba a rana, da aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Wanda ya tace ya zubar da tuƙa, ya yar da mafi yawan abin da ya sayi kayan dominsa.

Ban rubuta mata ƙwaya ko ɗaya ba. Na ce in za a markaɗa a markaɗa, amma a daina tacewa, ta sha da kaurinsa. Ta ƙara shan ruwa, ta riƙa cin wake, ta koma wa kwaɗon zogale da na rama da ta ce ta daɗe ba ta yi ba. Bayan mako biyu ta dawo awon hawan jini, ta ce akuya ta shiga uku.

Kada a ce na kushe abin baki ɗaya. Tsohon da haƙora suka zube, da wanda ya tashi daga jinya bakinsa ba ɗanɗano, da mai azumin da ya wuni cikin zafin Afrilu, duk kofin markaɗaɗɗen karas da tumatir zai ba su ruwa da bitamin da ba lallai su samu a tuwo ba. Kuma kayan a ƙofar gida suke. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, noman rani ya zauna da gindinsa daga nan har Kadawa da Kura, ga kuma lambunan fadama a ƙauyukanmu. Da sanyi kabeji da karas araha suke yi har mai talla ya roƙe ka ka saya. Wanda ya bar lemon kwalba ya koma wannan ya yi dabara. Inda nake ja da mutane shi ne inda aka mayar da abin sha magani, aka jingine asibiti saboda shi.

Olsa ce ta fi tayar min da hankali. Maganar cewa ruwan ɗanyen kabeji yana warkar da gyambon ciki tana da asali. A 1949 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, Garnett Cheney, ya ba masu olsa 13 kusan lita guda ta ruwan kabeji kullum, ya ba da rahoton cewa sun warke da wuri. Sai dai a lokacin ba a san abin da ke haddasa cutar ba. A farkon shekarun 1980 ne wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori da ke maƙalewa a bangon tumbi. Marshall har shan ƙwayar ya yi da kansa don ya gamsar da masu musu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau an san yawancin olsa daga wannan ƙwaya take, ko daga magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Ana kashe ƙwayar da haɗin maganin ƙwayoyin cuta da mai rage tsamin ciki irin omeprazole, na kwana 10 zuwa 14. Kabeji ba ya kashe ta.

Lokacin da nake aiki a ɓangaren Doguwa aka kawo mana wani matashi ranga-ranga, tafin hannunsa fari fat. Ɗan ƙwadago ne a gonakin masara, kuma kamar yawancin abokan aikinsa, duk dare sai ya sayi haɗin maganin gajiya a kemis ya haɗiye da ruwan shayi. Da ciwon ciki ya matsa masa sai aka ce ya sha ruwan kabeji. Wata biyu yana sha, yana kuma ci gaba da haɗiyar maganin gajiyarsa. Kwana biyar kafin a kawo shi bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, aka ce masa datti ne ke fita. Jini ne. Wanda ya san hanyar nan, a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada, a fito Kwanar Ɗangora kafin a kama titin Kano, ya san ba tafiyar da za ka so wa mai zubar jini ba ce. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da aka yi masa ƙarin jini.

Wannan kalma ta "datti" da "wankin ciki" ta cuci mutane da yawa. Hanta da ƙoda su ne ke tace jini dare da rana, ba su jiran kofin kowa. In ka sha ɗanyen haɗi cikinka ya murɗa ka yi ta zarya bayi, sau da yawa sabon datti ka shigar. Ku tuna yadda ganyen ya iso hannunku: an zuba masa takin dabbobi, an shayar da shi da ruwan da shanu ke sha ake kuma wanki a ciki, mai talla ya yayyafa masa ruwan bokiti don kada ya yi yaushi. Miya tana tafasa, wuta ta kashe ƙwayoyin taifot da kwalara da atini da ƙwan tsutsar ciki. Bilanda ba ta kashe komai, sai ma ta gauraya abin da ke bayan ganye da duk kofin. Ga kuma maganin feshi. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, amma manomin da ya ji farashi ya tashi ba kullum yake iya haƙuri ba.

Don haka mai son sha ya cire ganyen kabeji na waje, ya fere karas da kokwamba, ya wanke hannu da sabulu, ya wanke kayan da ruwa mai tsabta yana zubarwa yana sakewa. Gishiri da ake barbaɗawa yana taimakawa, amma ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. A sha nan take. Haɗin da aka yi da hantsi aka ajiye a jarka har magariba, babu firji, a zafin nan namu, na zubarwa ne. Ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba kuwa tana iya ɓata duk wankin da ka yi.

Sai maganar ɗaci. Mun taso da cewa magani sai da ɗaci, shi ya sa wani in ya ji gurji ko kokwamba da ɗaci sai ya ce ya dace. Ɗacin shuwaka halittarta ce. Amma ɗaci a dangin duma, wato gurji da kokwamba da kabewa, alamar guba ce mai sa amai da gudawa, wani lokaci har da jini. A Indiya, inda ake shan ruwan wani irin duma, an yi rashin rai a Delhi a 2010 ta wannan hanya, har hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta gargaɗi jama'a su riƙa ɗanɗanawa kafin su markaɗa. In ya yi ɗaci a yar.

Akwai waɗanda nake hana su kai tsaye sai sun ga likitansu. Mai ciwon ƙoda, domin ƙodarsa ba ta iya fitar da sinadarin fotasiyam da ke da yawa a tumatir da ganye, kuma in ya taru yana taɓa bugun zuciya. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya nisanci ɗanyen alayyahu da bitirut a kofi. Mai shan warfarin don tsinka jini kada ya ƙara yawan koren ganye farat ɗaya. Mai ciwon suga kuma ya lura, haɗin da aka zuba wa abarba da dabino da zuma don ya shawu ya tashi daga maganin da yake zato. Bitirut kan mayar da fitsari da bayan gida ja, mun sha ganin wanda ya zo a firgice a kan haka, kuma gara ya zo ɗin a duba.

Iyaye mata, jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai. Yaron da ke gudawa kuma ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc yake bukata, ba ruwan karas ba.

Duk wanda ya ga baƙin bayan gida, ko ya yi aman jini, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a ƙirji, don Allah ya ajiye kofin ya zo asibiti a ranar. Ya taho da duk ƙwayoyin da yake sha a leda, har da na gajiyar, mu gani.