Yatsa da Kunnen Mai Kaɗa Jita

Idan masu koyon jita suka haɗu, hirarsu ba ta wuce tsirkiya da lasifika: wace tsirkiya ce ba ta cin yatsa, ta ƙarfe ko ta nailan, wace lasifika ce kuma ta fi ƙara. Batun yatsa mai sauƙi ne. Fatar da ake yawan gogawa tana tara sinadarin keratin, cikin 'yan makonni ta yi kanta, zafin ya gushe.

Kunne ne abin ji. A can cikin kowane kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000 da ke karɓar sauti. Daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Ɗalibin da ya tashi daga kiɗa kunnensa na ƙugi, to ya rage ƙara, ya kuma nisanci lasifika.