Yadda ake gano ciwon tsohuwar motar da ke mutuwa a hanya ta ƙi tashi

Bakanike ya fi son a jawo masa motar da ta mutu murus da a kawo masa mai mutuwa tana farfaɗowa. Ta farko ciwonta na nan zaune, ana laluba za a same shi. Ta biyu kuwa takan taso daga 'Yankuzo da sassafe lafiya lau, cike da fasinja da buhunan masara, a wuce Tsafe, a miƙi kwaltar Gusau, sai can wajen Kwatarkwashi ta ɗauke. A yi ta murza makulli, injin na juyawa, ba ta tashi. Bayan rabin awa, an gaji an koma inuwa, wani ya sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba. Ana shiga gareji a Gusau kuma ta ƙi nuna komai. Daga nan ake fara ɓarnar kuɗi: yau a canza filogi, jibi koyil, mako mai zuwa famfon mai, ciwo na nan inda yake. Ga shi kuma a wannan yanki tsayuwar mota a daji ba ɓata lokaci kaɗai ba ne, har da haɗari, duk mai bin hanyar Tsafe ya san haka.

Irin wannan ciwo ana kama shi ne a daidai lokacin da motar ta mutu, kafin ta huce. Saboda haka kai direba, kai ne mai binciken farko. Ka ajiye sifana mai lamba 10 da 13, da sukundireba, da filaya, da filogi ɗaya mai kyau, da fiyus biyu ko uku, da gorar ruwa mai haske wadda ba komai a ciki. Ba su kai kuɗin jan mota sau ɗaya ba.

Abu na farko shi ne lura da yadda ta mutu. Motar da ta yi ta tari, ta ja baya, ka taka totur ta ƙi amsawa, sannan ta mutu a hankali, yawanci mai ne ya yanke mata. Wadda ta ɗauke farat ɗaya, ba tari ba gargaɗi, yawanci wuta ce ta yanke. Ka kuma riƙe lokacin da abin ke faruwa: bayan doguwar tafiya da rana ta take, ko bayan faɗawa rami, ko bayan ruwan sama, ko in mai ya yi ƙasa a tanki, ko in an tsaya a shingen bincike injin na silo? Kowanne da inda yake nuni. Direban da ya ce wa bakanike "Oga, kawai tsayawa take yi" bai ba shi komai ba. Wanda ya ce "Oga, sai ta yi zafi take ɗaukewa, in ta huce ta tashi" ya yi masa rabin aiki.

Da ta tsaya, ka gangara gefe, ka murza makulli zuwa inda fitilun gaban sitiyari ke kamawa, kada ka tayar tukuna. In babu fitila ko ɗaya, ko suna kamawa suna ɗaukewa, je ka kan batir. Ka girgiza kawunansa biyu da hannu; wanda ya motsa, ko ya tara farin gari, shi ne. Ka bi baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da jikin injin, domin a tsohuwar mota wannan waya takan ci tsatsa ko ta saki, kuma ba a cika kula ta ba. A Golf 3, wadda ita ce jakar hanyoyinmu, gindin makullin kansa yakan gaji, musamman in an rataya masa tarin makullan gida da na shago suna lilo. Ka ɗan jijjiga makullin kana kallon fitilun.

In fitilu sun kama, nemi mai hoton injin a motar da ke da ita. Ya kamata ta kama da an murza makulli. In sauran sun kama ita ta ƙi, mai yiwuwa wuta ba ta isa kwamfutar motar, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, kuma laifin ya fi zama na fiyus ko rile. Kada ka yarda a ce maka birenbos ya ƙone kafin a duba waɗannan. Birenbos ba ya yawan mutuwa yana dawowa, amma shi aka fi ɗora wa laifi, don shi ya fi tsada.

Yanzu sai kunne. Ka sa yaron mota ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, kai kuma ka murza makulli. A yawancin motoci masu injekta famfon mai yakan yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu. A wasu sai injin na juyawa yake aiki, don haka a saurara har lokacin da ake tayarwa. Tun wajen buɗe murfin ma akwai labari: in ya ja iska da ƙarfi, fuuu, kuma motar ta tashi bayan haka, hanyar numfashin tankin ce ta toshe, famfo na ja, iska ba ta shiga. In ba a ji ƙugin famfo ba, a duba fiyus ɗinsa, sannan rile. A Golf 3 rilen famfo yakan zo da lamba 167 a bayansa, cikin akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka ɗora yatsa a kansa a murza makulli, za ka ji ya yi ƙas. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna da wannan: dalmar da ke cikin babban rilensu takan tsage, in cikin mota ya yi zafi ta rabu, in ya huce ta haɗe. Mai wayarin da ya san aikinsa sake narka dalmar kawai zai yi. Peugeot 406 kuma tana da wani maɓalli da ke yanke mai in mota ta yi karo, kuma mugun rami na iya tayar da shi. Dannawa kawai ake yi ya koma.

In fiyus da rile lafiya suke, famfo kuma shiru, a bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako ana tayarwa. Ta tashi? Famfon ya gaji, kuma bugun ba magani ba ne, kai ka gari kawai zai yi. Famfon da ke cikin tanki man da ya nutse a ciki ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa sun koma sayen lita biyar, lita bakwai, allura kullum a ja. Famfo na aiki rabinsa a waje, yana zuƙar dattin gindin tanki, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ba mamaki ya riƙa sumewa da azahar.

Sai ingancin man kansa. Wanda ke ƙauye ba kullum yake samun gidan mai ba, dole wata rana a sha na 'yan bumburutu, daga jarka zuwa galan zuwa tanki, da ƙura da ruwa da abin da Allah kaɗai ya sani. Na gidan mai ma ba a rantsuwa a kansa; a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. A tsiyayi kaɗan cikin gorar nan mai haske a ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Matatar mai da ta toshe ita ma takan bar mota ta yi silo lafiya, amma a hawa ko da lodi ta shaƙe. Tana da araha, in ba ka tuna ranar da aka canza ta ba, canza ta.

Masu Peugeot 504 da sauran motocin kafireta, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, nasu ya ɗan bambanta. Famfonsu a jikin injin yake, kuma in zafi ya yi yawa fetur kan tafasa cikin bututu ya zama tururi, famfo ya rasa abin ja. Tsumma jiƙaƙƙe a kan famfon da bututun yakan dawo da ita. Tsofaffin direbobi sun san wannan tun kafin a haife mu.

In mai na zuwa, a koma kan wuta, kuma a nan ne mafi yawan masu ɗaukewa da zafi ke ɓuya. Cire wayar filogi ɗaya, sa mata filogin da ka ajiye, kwantar da shi a jikin ƙarfen injin, a tayar. Kada ka riƙe da hannu, kuma ka tabbata babu fetur a zube kusa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Ja mai rauni na nuna koyil ya fara gajiya. In babu ko kaɗan, ka dubi allurar da ke ƙidaya juyin injin ana tayarwa: ya kamata ta ɗan motsa. In ta kwanta shiru, mai yiwuwa kwamfuta ba ta san injin na juyawa ba, wato sensar da ke gaya mata ta yi shiru. A wasu motoci tana kusa da inda injin ya haɗu da giya, a wasu, kamar yawancin Golf 3 masu injin 1.6 da 1.8, tana cikin distributa. Siririyar waya ce ko ɗan guntun lantarki a cikinta. Zafi na buɗa tsagar da ido ba ya gani, sanyi na rufe ta. Shi ya sa motar ke tashi bayan an sha inuwa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan sensar ita kaɗai, ba a watsa wa injin ruwa gaba ɗaya ba. In motar da ta saba ɗaukar rabin awa ta tashi cikin minti uku, an kama ɓarawo. In ba ta tashi ba, a mayar da tsumman kan koyil. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, in ba haka ba ba za a san wanda ya amsa ba.

Mai mutuwa da damina kuwa, ko bayan an wanke injin, a buɗe hular distributa a duba laima ko tsaga. Da dare, in injin na aiki, a buɗe bonet a kashe fitila: koyil ko wayar da ta tsage za ka ga wuta na tsalle daga jikinta.

Akwai uku da ke kama da wannan ciwo amma ba shi ba ne. Motar da ke tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, sau goma a jere, sau da yawa na'urar hana sata ce ba ta gane makullin ba, abin da ya zama ruwan dare a motocin Kwatano da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990; a gwada ɗaya makullin in akwai. Wadda kuma fitilar batir ta kama mata ana tafiya, fitilun gaba suka dushe, sannan ta mutu har kik ya kasa juyawa, caji ne babu. A duba fambel, sannan a auna: batir mai lafiya a zaune yana ba da kamar volt 12.6, injin na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Sannan in ka ji injin na juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau babu nauyi, ka daina tayarwa nan take. Mai yiwuwa tayimin bel ya tsinke, kuma turawa ƙara ɓarna ce.

In motar ta ƙi mutuwa a gaban bakanike, sai a tilasta mata. A bar ta tana aiki a rana, bonet a rufe, har fanka ta kama sau da yawa, sannan a bi wayoyi ana girgiza su ɗaya-ɗaya, ana ɗan ƙwanƙwasa rile da gindin sukundireba. Inda aka taɓa injin ya yi tari, nan ne. A Gusau akwai masu na'urar karanta kwamfutar mota, kuma tana taimakawa a motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001, amma ba ta cika ganin rile mai tsaga ko famfo mai suma ba. In ta ce babu laifi, ba shi ke nan an wanke motar ba. Kada kuma a cire kan batir kafin a karanta, don a wasu motoci hakan na goge abin da kwamfuta ta adana.

In an gano, a canza abu ɗaya tak, a ajiye tsohon a but. Ni na fi amincewa da sensa ko rile na Kwatano na asali a kan sabo mai arha a kwali mai ƙyalli. Daga nan a ɗora mata lodi irin wanda ta saba, a fita da ita da tsakar rana, a yi tafiyar da ta fi wadda take mutuwa a cikinta tsawo, a cikin gari da kewayensa inda akwai jama'a, kafin a sake ɗaukar fasinjan 'Yankuzo.